Motar da Na Saya Saboda Inna

Ni ne ɗan fari a wurin Inna, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In na shiga gaishe ta sai ta kau da kai, ta amsa a gajarce tana kallon bango. In tana son a ba ni abinci sai ta ce wa ƙannena, "Ku kai ma wancan." Haka matan zamaninsu suke kunyar ɗan fari, kuma ban taɓa jin haushi ba. Kau da kan nan shi ne shaidata cewa ni nata ne.

Da aka tura ni aikin malamin gona a Bungudu, na bar iyalina da Inna a gidanmu na Tsafe. Na kama ɗaki a Bungudu, sai Juma'a nake dawowa. A wannan tsakanin ne tsufa ya fara taɓa mata kai. Ta fara da manta inda ta ajiye carbinta, daga baya ta koma manta mutane. Wata Juma'a na yi sallama, sai ta ɗago ta zuba mini ido, ta daɗe tana kallona kafin ta kau da kai. Da na fito, matata ta biyo ni zaure ta ce, "Malam, wanda taka gani kullum shi ɗai taka riƙewa. Ƙanenta na 'Yankuzo ya zo shekaranjiya, sai da ta tambaye ni ko wa na."

Na san dole in riƙa kwana a gida. Motar haya kuwa ba za ta yi mini ba. Sai ka zauna a tashar Tsafe ta cika, ka sauka Gusau, ka sake zama wata ta cika. Kafin ka isa Bungudu rana ta take tsaka. Sai na ƙudura sayen mota, ni da ko babur ban taɓa mallaka ba.

Mai shan fetur ta fi ƙarfina. Wani dillali a Gusau ya kai ni bayan wani gareji ya nuna mini wata tsohuwar mota mai shan gas, wato dizal, doguwa, mai nauyi, fentinta ya koɗe har ba ka iya rantsuwa a kan launinta. Na tarar da ita a kunne, tana ta rawar jiki. Ya buga bayanta da tafin hannu ya ce, "Wagga ai jaka ta, Malam, ba ta san gajiya ba. Gas kuma arha. Ka zuba mata kaɗan ta kai ka Sakkwato ta maido ka." A lokacin gas ya fi fetur arha, wannan kam bai yi ƙarya ba. Abin da bai zo mini a rai ba shi ne in tambayi dalilin da ya sa aka tayar da ita tun kafin in iso.

Washegari da safe na samu amsa. Na murɗa makulli, na jira hita ta ɗumama injin kamar yadda aka koya mini, na buga, ta yi tari ta yi shiru. Na yi ta yi har batir ya mutu. Mutanen da suka fito daga sallar asuba ne suka taru suka tura ni, suna nishi, don turin mota irin wannan ba aikin mutum biyu ba ne. Sai can bakin kwalta ta kama, ta watsa musu baƙin hayaƙi a fuska. Bakanike ya duba ta ya ce injinta ya gaji, in ta kwana ta huce sai da turi, amma in ta ɗau zafi babu ruwanta. Na ce ba komai, tunda unguwarmu ba ta rasa maza ba.

Watannin farko su ne nake tunawa da daɗi. Ina shigowa layi kafin magariba, gida duka ya san na iso, don ƙararta ba ta ɓoyuwa. Inna takan ce wa matata, "Wancan ya dawo da jakarshi, ya cika muna gida da wari." In na shiga ta kau da kai tun ban gama sallama ba. Ban taɓa jin daɗin a ƙi kallona kamar a kwanakin nan ba.

Amma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mutumin da ya tura maka mota da sanyin safiya, ya ce zai je Gusau, da wane baki za ka ce masa ya tafi tasha? Da farko mutum ɗaya ne. Kafin a jima duk mai hidima a Gusau ya gane cewa ladan turi shi ne kujera. Ina fitowa zan tarar da su sun jeru bayan motar, hannuwa a kan but, kowa da ƙullinsa. Wannan asibiti zai kai matarsa, a ɗan jira tana shiri. Wannan buhun wake gare shi, a ratsa ta ƙofar gidansa. Wani dattijon Bafulatani kullum sai mun tsaya masa a hanya ya leƙa wata ruga ya ba da saƙo. A Gusau kuma ba mai yarda a sauke shi bakin titi, sai ƙofar inda za shi. Ina tuƙi ina cizon yatsa, su kuma suna yi mini addu'a.

Manomi ba ya jiran malamin gona. Da damina, kafin in isa ƙauyen Karakkai ko Kekun Waje, waɗanda na yi wa alkawari sun daɗe da watsewa cikin gonaki. Shugabanmu ya kira ni ya ce, "Malam, da ba ka da mota ka fi zuwa da wuri." Gaskiya kuwa ya faɗa.

Ranar da haƙurina ya ƙare na ce musu yau ba na ɗaukar kowa. Suka tura ni, na tafi ni kaɗai. Washegari aka fito masallaci, kowa ya gaishe ni da fara'a, ya tambayi jikin Inna, ya wuce. Na tsaya ni da motata har hantsi. Ranar ban je aiki ba, kuma da yamma ni na bi gida gida ina ba da haƙuri. Na sayi sabon batir, ta cinye shi. Na nemi gangare in riƙa ajiye ta, unguwar tamu kuwa a shimfiɗe take kamar faifai.

Sai gas ya tashi har ya wuce fetur, arhar da na bi ta gudu ta bar ni. Daga nan injekta, mai fesa wa injin gas, ta fara ba da matsala. Masu gyaran injin gas manyan motoci suka sani, ga shi kayan irin tawa sai an aika Kano, wani lokaci a dawo hannu rabbana. Wata safiya ta mutu a daidai Kwatarkwashi, cike da mutane, muka tura har muka gaji ba ta ko yi tari ba. Aka ja ta zuwa wani gareji a Gusau. Can na bar ta, tayoyinta suka sace, ciyawa ta fito ƙarƙashinta. Na nemi a maido ni aiki Tsafe, aka ce in jira, kuma na san ma'anar in jira. Ga yara, ga maganin Inna, barin aiki ba zai yiwu ba. Na koma ɗakina na Bungudu ina jin kamar na sayar da Inna.

Juma'o'in farko takan yi jinkiri sannan ta kau da kai. Jinkirin ya yi ta tsawo. Wata Juma'a bayan la'asar na yi sallama, ta amsa da murya a sake, ta ce, "Maraba, Malam, shigo daga ciki." Ta gyara mini tabarma da hannunta, ta sa a kawo mini ruwa. Ta dube ni sosai, ido cikin ido, ta tambaye ni daga ina. Na ce daga Bungudu.

Fuskarta ta washe. Ta ce, "Ashe kun san ɗana. Can yaka aikin malamin gona." Sai ta faɗi sunana, cikakke, a natse, kamar ta saba. Ta ce tun yana yaro bai taɓa ɓata mata rai ba, ta ce duk cikin ɗiyanta babu wanda take so kamarsa. Matata ta tashi ta fita.

"Sai dai ya bar zuwa," in ji ta. "Kila aiki na ya yi mai yawa. In kun gamu, kak ka ce mai na yi ƙorahi. Ka dai ce ina gaishe shi."

Na ce zan gaya masa. Na sha ruwan, na zauna muka yi ta hira har aka kira magariba.