Farar Rigar da Na Ɓata da Hannuna

Ba zan faɗi sunana ba. Waɗanda suka san ni sun riga sun san labarin, waɗanda ba su san ni ba kuwa sunan ba zai ƙara musu komai ba. Ni 'yar Dodoru ce, cikin ƙasar Gwandu. Babana manomi ne, yana da gonar gero da 'yar fadamar shinkafa, Inna kuma tana turara shinkafa ta kai inji ta sayar. Ba mu da arziki, amma ba mu taɓa kwana da yunwa ba. Na faɗi wannan tun da wuri don kada wani ya tausaya mini ya ce talauci ne ya jefa ni. Ba shi ba ne, idona ne.

Tun ina ƙarama ba na ƙyamar ciwo. Kakata ta yi fama da gyambo a ƙafa shekara da shekaru, in za a kwance tsumman kowa sai ya toshe hanci ya ba da wuri, ni ce mai zama in wanke da ruwan ɗumi da gishiri in sake ɗaurewa. Saboda haka da na gama sakandare na sami gurbi a makarantar koyon aikin jinya a birni, babu wanda ya yi mamaki. Ranar da aka ɗinka mini farar riga na zo da ita gida, Inna ta sa na saka na zagaya tsakar gida, maƙwabta suna leƙe suna guɗa kamar an kawo amarya. Ni kuwa kaina ya yi girma, ina taku ɗai-ɗai, alhali ko allura ban iya riƙewa ba tukuna.

Ina da shekara ashirin da biyu, ina aji biyu, aka haɗa ni ɗaki ɗaya da wata Zuwaira. Ita ma ɗiyar talakawa ce kamar ni, amma wayarta ta fi ta malamanmu, turarenta kuwa yana riga ta shiga aji. Na daɗe ina kallo ina haɗiye miyau. Wata rana da rana tsaka, sauran 'yan ɗakin sun tafi karatu, na kasa daurewa na tambaye ta sirrin. Ta yi dariya ta nuna mini wata manhaja a wayarta, inda maza suke biya don a yi hira da su.

Na ce, "A'uzubillahi, Zuwaira, wannan ai iskanci na."

Ta ce, "Wa yat taɓa ki? Magana ta kawai. Kuma mutanen ga ba 'yan ƙasag ga ba na, ko a mafarki ba su sanin ina Gwandu take."

Da magana kawai na fara, gaskiya ne. Sai aka koma hoto, na rufe fuska da takunkumin asibiti. Daga hoto aka koma bidiyo. Kowane mataki in na taka sai in ce wa kaina daga wannan ba ƙari, bayan kwana biyu kuma in ga na gaba bai fi shi muni da yawa ba. Haka mutum yake shiga ruwa, daga idon sawu. Na fara gudun aji don in sami ɗaki ba kowa. Salla ma na koma yin ta a gurguje, don ba na son in daɗe a gaban Wanda yake ganina ba takunkumi.

Da na je hutu na kai wa Inna atamfa mai tsada. Ta juya ta, ta shinshina, ta dube ni ta ce, "Wagga hwa, ina kinka samo ta?" Na ce ina ɗan sayar wa ɗalibai katin waya. Ta ce Allah shi yi albarka. Wallahi wannan albarkar da ta sa mini a kan ƙarya ta fi zagi ciwo, amma ban fasa ba.

Can na gane cewa in na saka farar rigata ta makaranta, masu kallon sun fi yawa kuma sun fi sakin hannu. Rigar da aka yi mini guɗa a kanta ita ta zama kayan sana'a. A lokacin har wayo nake ganin na yi.

Da zangon koyon aiki ya zo, aka tura ni wani asibiti a wajen Kalgo, ɗakin mata. Mai kula da mu ɗalibai ita ce Sista Hajara, dattijuwa mai faɗa amma mai adalci. Ta yaba da hannuna, har takan bar mini wankin ciwo in yi ni kaɗai. Cikin marasa lafiyar akwai wata matar aure daga Dangoma, sunanta Dije, wadda tukunyar ruwan zafi ta kife mata a cinya da gefen ciki. Mace ce mai tsananin kunya. In za a buɗe ciwon sai ta kawar da kai ta rufe ido da gefen mayafi, kuma ba ta yarda kowa ya buɗe sai ni ko Sista.

Akwai wani cikin masu biyana da ya daɗe yana naci sai na yi masa bidiyo a cikin asibiti na gaske. Na yi ta ƙi, shi kuma ya yi ta ƙara farashi. Wata rana bayan azahar ɗakin ya yi tsit, masu jinya sun fita cin abinci. Na buɗe ciwon Dije na wanke, sai na ga bandeji ya ƙare, Sista ta ce in bar shi ya sha iska ta je ta karɓo. Na ja labule na koma lungun da ake ajiye magani. Nan Shaiɗan ya ce mini ga dama. Na jingina waya, na gyara takunkumi, na yi abin da mutumin ya nema, wanda ba zan maimaita shi a nan ba. Bai fi ƙiftawar ido ba na tura, na maida maɓallan rigata. Ban ko sake kallon bidiyon ba. Da na kalla da na ga cewa labulen bai rufu duka ba, kuma a bayana ana hango Dije kwance, jikinta a buɗe, zanenta a naɗe a ƙugu.

Mutumin da aka ce mini bai san ina Gwandu take ba, ko shi ya watsa ko sayarwa ya yi, ban sani ba har yau. Bayan 'yan makonni bidiyon ya shiga wayoyin samari, daga wannan zuwa wancan, har ya iso majalisun Kalgo. Ni ba a gane ni ba da farko, takunkumi ya yi aikinsa. Dije aka gane. Fuskarta ba ta fito sosai ba, amma zanen da ke ƙugunta ankon wani biki ne da aka yi a Dangoma, duk matan shiyarsu suna da shi, kuma a cikinsu mace ɗaya ce ta kwanta asibiti da ƙuna. Wani ƙanen mijinta ya gani a wayar abokinsa. Ka ji yadda matar da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba, ta shiga bakin duniya saboda ni.

Mijin ya zo asibiti da 'yan'uwansa, ransu a ɓace. Sista Hajara ba ta sha wahalar bincike ba, ta san lungun, ta san wa ta bari da ciwon a buɗe. Ta kira ni ofis ta rufe ƙofa. Na zaci za ta zage ni tas, da ma ta yi hakan da ya fi mini sauƙi. Sai ta ce a hankali, "Ɗiyata, matag ga ke ɗai ta yarda ki ga jikinta. Ke ɗai." Ban iya ɗaga kai ba.

'Yan sanda suka karɓi wayata, suka ga sauran abin da ke ciki. A kotu ban yi gardama ba, na amsa laifina, alƙali ya yanke mini zaman wasu watanni a gidan yari. Makaranta kuwa tun kafin a gama shari'a ta kore ni. Baba ya zo kotu ya zauna a bencin baya. Da za a fita da ni muka haɗa ido, sai ya sa hannu ya gyara hularsa da ba ta karkace ba. Daga baya na ji cewa ya daɗe bai zauna majalisar ƙofar masallaci ba.

Zaman gidan yari ba sai na ba da dogon labarinsa ba. Akwai zafi, akwai sauro, akwai tuwon da ko akuya sai ta yi shawara kafin ta ci. Amma abin da ya fi damuna shi ne lokaci, don yana da yawa kuma ba waya da zan ɓuya a cikinta. A nan na koma salla da natsuwa, na yi kuka na roƙi gafara. Duk da haka ina da wani buri a ɓoye: in na fita zan tafi wata jiha inda ba a san ni ba, in sake shiga makarantar jinya daga farko.

Da aka sake ni na gwada. Inda na je duk sai a tambayi makarantar da na baro da dalilin barinta. A ɗaya daga cikin makarantun wata malama mai kirki ta zaunar da ni ta gaya mini gaskiya, ta ce ko da na ɓoye na yi karatun na ci jarrabawa, masu ba da lasisin aiki suna duba hali, ga shi kuma kotu ta taɓa kama ni da laifi a kan mara lafiya. Ta ce ko ba kotu ma, abin da ya shiga waya ba ya mutuwa, yana iya tasowa ranar da na fi ganin na tsira. Ban yarda da ita sosai ba sai da na ji labarin Zuwaira. Ita ba a taɓa kama ta ba, ta gama karatu lafiya har ta sami aiki, sai wani ɗan'uwan mara lafiya ya gane ta daga wani tsohon bidiyo. Ba ta ƙara ko wata guda a wurin aikin ba.

Na dawo Dodoru ina taya Inna turara shinkafa. Wata rana na ce mata ina so in je Dangoma in nemi gafarar Dije. Sai ta ɗauki mayafinta ta ce mu tafi tare, ba a aika mai laifi shi kaɗai.

Mun sami Dije a tsakar gida tana tsince wake, da tsohon ciki. Mijinta bai sake ta ba, Allah ya saka masa, amma an ce ta daɗe ba ta fita ko biki ko suna. Na durƙusa na faɗi abin da ya kawo ni. Idonta yana kan waken ta ce, "Na yahe miki, duniya da lahira. Allah ma muna yi mai laihi shi yahe muna."

Na yi godiya. Amma idon da aka koya wa aiki ba ya mantawa. Na ga ƙafafunta sun kumbura sun yi suntum, fuskarta ma ta tasa, kuma tana yawan dafe goshi. Na san abin da wannan yake iya nufi ga mai ciki: hawan jini mai iya kai wa ga rasa rai. Na ce, "Yaya Dije, kina zuwa awo kuwa? Kumburin ga ba na zama gida ba na. Don Allah ki tai a auna jininki, ko gobe."

Ta ɗago ta dube ni, ba da fushi ba, ta ce, "Tun da anka sallame ni ban koma taka asibiti ba. Maigida ya yi ya yi, ni nic ce a'a. Kuma ba ni ɗai ba, matan shiyag ga da yawa sun bar zuwa, kowa na tsoron a kwance mata zane a ɗauke ta a waya." Sannan ta ƙara da cewa, "Ke ka ce mini in tai asibiti? Ke?"

Abin da na faɗa gaskiya ne, kuma zai iya ceton ranta, amma daga bakina ya fito, don haka ba shi da daraja. Hukuncin alƙali na gama shi na fito, wannan kuwa ban san ranar gama shi ba.

A hanya na ari wayar Inna na kira Sista Hajara, na gaya mata abin da na gani. Ba ta tambaye ni lafiyata ba, ni ma ban sa rai ba, amma washegari ta hau mashin da abin awon jini ta je har gidan. Ita ta lallashi Dije, ita ta tsaya a kanta har ta sauka lafiya. Ni a bakin mutane na ji an yi suna.

To, 'yan'uwana mata, musamman ku da kuke makarantun jinya da ungozoma, da ku da kuke burin shiga, ga abin da zan ce muku. Duk wadda ta ce muku magana ce kawai, ko fuska a rufe take, ko masu kallon suna nesa, ku ce mata kun ji labarina. Wanda ya biya ya karɓi hotonki, nasa ne, sai inda ya ga dama zai kai shi, kuma ba ya tsufa ko ke kin tsufa. In kwaɗayin waya ko atamfa ya taso miki, ki daure, karatun nan ƙarewa zai yi. In kuma kin riga kin fara, ki tsaya yau, ki nemi babbar da kika yarda da ita ki gaya mata, kada ki jira sai an kira ki ofis an rufe ƙofa.

Aikin jinya ba allura da magani ba ne kawai. Mace ce za ta kwance zanenta a gabanki, abin da ba ta yi a gaban uwar da ta haife ta, don ta yarda da ke. In wannan yardar ta tafi, ko kin fi kowa iya aiki, kin tashi daga aiki. Ni har yau hannuna bai manta wankin ciwo ba, kuma in na ga mai ciki da kumburi gabana yana faɗuwa. Sai dai in nemi wata in ce ta je ta gaya mata, kada ta ce daga wurina ta ji.