Jinyata Bayan An Rage Mini Tumbi

Ni mai jiki ce tun ina budurwa, kuma a gidanmu ba a taɓa ɗaukar ƙiba a matsayin ciwo ba. Da na yi aure a Maraɗi na fara sayar da atamfa da leshi a cikin gida, jiki ya ƙara buɗewa. Matan da ke zuwa sayen kaya sukan dube ni su ce, "Hajiya, hutu ya karɓe ki," ni kuma in yi dariya. Sai da gwiwoyina suka fara ƙin ɗaukata, ciwon sukari ya shigo, hawan jini ya biyo bayansa, sannan dariyar ta ragu. Daga ɗakina zuwa zaure sai na dafa bango na huta. Likitan da ke duba ni ya ce magani ya yi iyakar abin da zai iya.

Ɗiyata ta fari, wadda ta yi karatu a Yamai, ita ta kawo labarin wani aiki da ake yi a ƙasashen Larabawa na arewa: a yanke tumbin mutum a rage shi, ya koma cin abinci kaɗan. Maigidana, wanda fataucin hatsi ne sana'arsa, ya daɗe bai yarda ba.

"Mutum lafiya lau ya ɗauki cikinsa ya kai a yanka?" in ji shi.

Na ce, "Alhaji, ina lafiyar take?"

Bayan ƴan makonni shi da kansa ya kira ɗiyarmu ya ce ta fara neman takardun tafiya.

Shekarar ce ake ta rigimar tazarcen shugaban ƙasa. Kowace rediyo ka kunna gardama ce, yau zanga-zanga, gobe yajin aiki. Ni dai ban bi ta kai ba, hankalina na kan cikina. Muka tashi ni da ɗiyata bayan an gama girbi.

Asibitin da muka je, daga waje kamar otel yake, ga furanni, ga gilashi ko'ina. Kafin aiki kowa murmushi yake mini. Likitan da zai yi aikin ya zo ya riƙe hannuna, ɗiyata na fassara mini Faransancinsa. Wannan ne ganina da shi na ƙarshe. Da na farfaɗo, sai na tarar kamar an sauya mutanen gidan gaba ɗaya.

Ba sa barin ɗiyata ta shigo sai lokacin ziyara, ni kuma ba Larabci, Faransancina bai wuce gaisuwa ba. Akwai wani ɗan maɓalli a gefen gado da aka ce in danna idan ina son wani abu. Na danna shi har yatsana ya gaji. Wata safiya amai ya taso mini, ya ɓata mini wuya da riga, ban iya tashi ba. Haka na kwanta a cikinsa har rana ta take, ina jin takun ma'aikata suna wuce ƙofata. Da biyu daga cikinsu suka zo juya ni, sai ɗaya ta faɗi wata magana tana nuna cinyata, suka tuntsire da dariya. Ban ji kalmar ba, amma na gane abin da ake nufi. Ranar da za a cire robar da ke zuƙe ruwa daga cikina, wata ma'aikaciya ta shigo ba ko sallama, ta ɗaga rigata ta fizge ta fita. Na yi ƙarar da ban san ina da ita ba.

Sun sallame ni jikina da zafi, ɗaya daga cikin wuraren ɗinkin yana tsattsafo da ruwa. Ɗiyata ta nuna musu, suka ce haka yake yi, zai bushe. Muna fita na ga an riga an shimfiɗa wa wata sabon zanen gado.

Ba zan iya ba da labarin hanya duka ba, don rabinta a sume-sume na yi ta. Na dai tuna jirgi, na tuna Yamai, na tuna doguwar hanyar mota zuwa Maraɗi, na rungume matashi a cikina, duk ramin da taya ta faɗa sai na ji shi a ɗinkin. Da motar ta tsaya a ƙofar gidanmu da la'asar, Alhaji na tsaye a bakin zaure. Yana ganin fuskata ya taho da sauri. Aka riƙe ni aka kai ni ɗakina. Ina zama bisa gadona na ji ƙamshin turaren da ya kama labulena, na ji ana daka a maƙwabta, sai hawaye. Ɗiyata ta tsorata ta ce, "Mama, ciwon ne?" Na ce a'a, gida ne na zo.

Washegari da hantsi yayata ta iso daga Tsibiri bisa kabu-kabu, wato babur na haya, da ƙullin gero a cinya. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, amma ita siririya ce kamar kara, noma take yi tun rasuwar mijinta. Ba a gaya mata gaskiyar tafiyar ba sai bayan mun tashi, kuma ba ta yafe ba. Ta tsaya a kaina ta ƙare mini kallo.

"Ke yanzu da ƙafarki kika je aka yanke miki abin da Allah ya ba ki?"

"Yaya, ki bari in warke sannan ki yi faɗan."

"Zan yi shi kuwa," ta ce. Ta ajiye ƙullinta, ta ɗaura zane, ta tafi ɗora ruwan zafi. Ba ta koma Tsibiri ba sai bayan watanni.

Ita ce ta fara jin warin. Tana goge mini jiki ta ɗaga auduga ta ga wurin ya kumbura ya yi ja, mugunya na fita. Alhaji ya ce a kai ni asibiti. Da na ji kalmar sai na ce wallahi gara in mutu a ɗakina. Ana cikin wannan ja-in-ja Yaya ta yafa gyale ta fita. Gida na biyu daga namu akwai wata infirmiya, wato ma'aikaciyar jinya, matar wani malamin lakwal, makarantar boko, muna gaisawa amma ba mu saba ba. Ashe ma'aikatan lafiya na yajin aiki a makon, tana gida tana wanki. Yaya ta taho da ita hannunta da sauran kumfa.

Infirmiyar ta wanke hannu, ta zauna a bakin gado, ta ce, "Hajiya, ina wuni? Ya jiki? Zan buɗe in duba. In kin ji zafi ki ce mini, in dakata."

Ban san yadda zan bayyana abin da wannan magana ta yi mini ba. Tun da aka yi aikin ba wanda ya nemi izinina kafin ya taɓa ni. Ta duba a hankali, ta ce ciwon ya ruɓa amma daga sama ne, da alama bai shiga ciki ba, sai dai dole likita ya gani. Ta buga wa wani likita da suke aiki tare waya, ya zo da yamma bisa babur ɗinsa. Ya danna cikina, ya yi tambayoyi, ya rubuta magani aka sayo a farmasi. Ya ce in zazzaɓin bai sauka ba nan da ƴan kwanaki, ko ina so ko ba na so sai an kwantar da ni. Na yarda, don ya dube ni a ido da yake faɗa.

Zazzaɓin ya sauka. Kullum da safe infirmiyar takan zo ta wanke ciwon ta sake auduga, muna hira. Ta ba ni labarin albashinsu da ake ta ja, ni kuma na ba ta labarin matan da suka yi mini dariya. Ta ce, "Mu ma nan akan samu irinsu, Hajiya. Allah shi kyauta." Da aka janye yajin aikin ta koma zuwa bayan ta tashi daga aiki, a gajiye, amma ba ta fasa ba har wurin ya rufe.

Sauran yaƙin na abinci ne. An ce in fara da ruwa-ruwa: romon kaza a tace, kunu tsararo, cokali bayan cokali. Abin da yaro na goye zai shanye ya nemi ƙari, ni shi ke cika ni har wuya. Yaya ta kasa jure ganin haka. A wurinta mara lafiya da ci yake tashi. Wata rana ta dama mini fura da kauri, ta sa nono mai kyau, ta ce, "Sha, wannan geron gonata ne, ba zai cuce ki ba." Ni ma raina ya biya, na kurɓa da yawa. Kafin in ajiye ludayin wani abu ya tokare mini ƙirji, gumi ya karyo, na dawo da ita duka ina riƙe da ciki. Yaya ta durƙusa tana salati tana shafa mini baya.

Daga ranar ta zama mai gadin ƙofata. Masu zuwa dubiya ba sa zuwa hannu rabbana, kowa da kwanonsa: tuwon shinkafa, dambun zogale, farfesu, kilishi. Yaya takan tare su tun a tsakar gida, ta karɓa da godiya da addu'a, ta wuce da shi wurin mutanen gida. In wata ta nace sai na ɗanɗana, ta ce, "Baiwar Allah, ni na gwada, na ga abin da ya biyo baya."

Ba zan ɓoye ba, na yi kewar abinci kamar an yi mini rasuwa. Da an zuba miyar kuka ƙamshin ya shigo, sai in juya fuska bango. Alhaji ya lura, ya koma cin abincinsa a zaure, ya daina shigowa da tsiren da ya saba kawowa bayan magariba. Gidan ya yi shiru, hakan kuma ya fi damuna. Na kira shi na ce, "Alhaji, ni aka yi wa aiki, ba kai ba. Ka dawo ka ci a nan, ko ƙamshin in ji." Ya dawo, yana ci yana satar kallona kamar mai laifi, ni kuma ina lallaɓa ɗan kofina na romo.

Jiki ya fara zubewa da sauri. Fata ta saki a damatsa, gashi na bin mataji. A unguwa magana ta fara yawo: wasu suka ce sammu ne aka yi mini saboda kasuwa, wasu suka rage murya suka ce ko ciwon nan ne na zamani. Wata tsohuwar mai sayen kayana ta shigo, ta dube ni, ta fashe da kuka tana cewa, "Hajiya, haka kika koma?" Na bar ta ta gama, sannan na tashi ba tare da na dafa komai ba, na raka ta har bakin zaure. A can ta tsaya ta sake dubana, ta ce, "Ke ce kika rako ni?" Ni kaina sai a lokacin na lura. A makon ne kuma likita ya auna sukarina ya rage mini magani.

Ƙanen Alhaji yana da lambu a Jiratawa, shi ke aiko mana da kabewa da karas da Yaya ke dafawa ta murje mini. Ya daɗe yana cewa in na ji sauƙi a kawo ni in sha iska. Wajen ƙarshen sanyi muka tafi, ni da Alhaji da Yaya. Ko'ina a hanya a bushe, amma muna gangarawa gulbi sai ga kore shar, ruwa na gudu a magudanai, ƙamshin albasa da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na cire takalmi na bi kunya-kunya a ƙafa, Yaya na biye da ni tana cewa in yi a hankali.

Muna cikin haka muka ga manoma sun bar aiki sun taru ƙarƙashin mangwaro, sun kewaye wata ƴar rediyo. Alhaji ya je ya dawo da sauri, ya ce sojoji sun karɓi mulki a Yamai. Ya shiga buga waya, yana tambayar ko za a rufe iyaka, ga motocinsa na hatsi a hanya. Muka samu ɗiyata a waya, wadda ta riga ta koma Yamai, ta ce suna lafiya. Na yi wa ƙasa addu'a kamar kowa, amma gaskiya zuciyata fes take ranar. Na zauna a bakin magudana na tsoma ƙafafuna a ruwa. Yaya ta tsinko nunannen tumatir ta wanke, ta ɓare fatar, ta miƙo mini ɓari ta cinye sauran.

Da zafi ya fara shigowa Yaya ta ce za ta koma ta gyara gona kafin ruwa ya sauka. Na tambaye ta me zan ba ta, atamfa ko leshi, ta zaɓa a cikin kayan sayarwa. Ta ce ba ta so. Ta buɗe akwatina ta ciro tsofaffin rigunana, ta ɗaga ɗaya da hannu biyu, ta ɓace a bayanta gaba ɗaya.

"Waɗannan za ki ba ni," ta ce daga bayan rigar. "Kowace ɗaya za ta yi wa jikokina biyu kayan salla, har a samu ɗankwali."

Muka yi dariya har sai da na dafe ciki. Ta ƙulle su a zane, direban Alhaji ya sa a mota. Na shiga na zauna kusa da ita, na raka ta har ƙofar gidanta a Tsibiri, na sha ruwan randarta, sannan muka juyo.