Ɗanyen Kifin da Na Haɗiye Don Kunya

A lokacin da abin nan ya faru, shekarata shida a gidan miji ba haihuwa, ɓari kuwa har sau biyu na yi. Malamar makaranta ce ni a Kano, mai baki a cikin aji, amma a gaban dangin miji ko tari sai na danne. Haka aka rene mu. Na rubuto muku ne don wata mai irin halina ta karanta, ko Allah zai sa ta fi ni wayo.

Mun gama shirin Umara ni da maigidana, sai gwaji ya nuna ina da ƙaramin ciki. Likitata ta yarda in yi tafiyar, amma ta ja mini kunne sosai, ta ce ban da ɗaukar kaya mai nauyi, ban da cin ɗanyen abu, nama ne ko ƙwai ko kifi. Har dariya na yi a raina, na ce wa zai ba Bahaushiya ɗanyen kifi? Muka yi shawara da maigidan cewa ba wanda zai ji labarin cikin, ko mahaifiyata, sai ya yi ƙwari. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma ma gudu yake yi.

Bayan mun sauke Umara muka yada zango a Jidda, a wani masauki cikin unguwar Balad. A unguwar Hindawiyya akwai gwaggon maigidana, wadda mahaifinta ya zo Hajji a ƙasa bai koma gida ba, a can aka haife ta. Babban ɗanta yana da aiki mai kyau a wani kamfani, yana jin Hausa amma in zai yi ta sai ya cakuɗa da Larabci. Ya ce 'yan'uwa sun zo daga gida, ba zai ba mu shinkafa da naman rago kamar kowa ba. Ya kama mana wuri tun kafin mu sauka a wani gidan abincin Japanawa da ke bakin teku, inda ake cin abin da suke kira sushi.

Da muka shiga bayan azahar, jikina ya ba ni. Ba hayaƙi, ba ƙamshin girki, sai sanyi da shiru kamar asibiti. Aka jera mu a gaban wani dogon katako, ni kusa da Gwaggo, mazan a gefenta. A ɗaya ɓangaren ga mai dafa abincin, in dai dafawa za a kira abin da yake yi, tsaye da farar riga da doguwar wuƙa, ga yankakken kifi ja da fari a gabansa wanda bai taɓa ganin wuta ba. Kafin a fara, wani ma'aikaci ya sunkuya ya yi tambaya da ladabi. Ɗan Gwaggo ya fassara mana, wai ko akwai wanda wani abinci ke cutarwa, ko mace mai juna biyu, don a canza mata da dafaffe. Wallahi kalma ɗaya kawai ake nema daga gare ni. Na saci kallon maigidana, shi kuwa ya dasa ido a kan katako kamar yana karatu a jikinsa. Ta yaya zan buɗe baki a gaban surukata da ƙaton ɗanta in ce ciki gare ni? Na girgiza kai. Ɗan Gwaggo ya ce da Larabci halas, yalla, wato shi ke nan, a fara.

A gida in ka yi baƙo, ɗaki ake kai masa kwano a rufe, ya ci abin da ya ga dama ya tura saura, ba mai sani. Nan kuwa mutumin da hannunsa yake cura 'yar shinkafa, ya ɗora mata kifi, ya ajiye a gabanka loma ɗaya tak, sannan ya tsaya yana kallonka har ka ci. Ba inda za ka ɓoye. Na yi bisimilla na haɗiye ta farko ko taunawa ban yi ba, muryar likitata tana ta yi mini amo a kunne. Na ce daga wannan shi ke nan, sai ga wata, sai ga wata. Sau biyu Gwaggo tana dafa ni tana tambaya ko lafiya, ta ga ina gumi a cikin wannan sanyi. Na ce gajiyar ɗawafi ce. Hannuna ɗaya yana kan marata a ƙarƙashin abaya, ina roƙon Allah kada ya kama abin da ke ciki da wautar uwarsa.

Washegari da safe amai da murɗar ciki suka taso mini. Irin murɗar nan na san ta, da ita ɓarina na baya suka fara. A cikin tasi na fashe da kuka, na gaya wa maigidana maganganun da ban taɓa gaya masa ba, na ce shi namiji me ya hana shi magana? Ya ce shi ma nauyin Gwaggo ya ji. Mu biyu manya, da iliminmu, kunya ta ɗaure mana baki.

A asibiti aka sa mini ruwa. Likitar ta shafa mini wani abu mai sanyi a ciki tana kallon na'ura. Can sai ta ƙara sauti, na ji bugun zuciya, ƙarami, da sauri. Ta ce cikin yana nan, abinci ne ya ɓata mini hanji, amma na yi ganganci.

Gwaggo ta iso a ruɗe, ko takalminta ba iri ɗaya ba. Na zata za ta ji daɗin albishir, sai ta rufe ni da faɗa, rabi Hausa rabi Larabci, tana hawaye. Ta ce shekara shida tana kai sunana gaban Ka'aba tana roƙa mini haihuwa, ashe an amsa, ni kuma na zauna kusa da ita ina haɗiyar abin da aka hana ni don kada ta ji. Ta tambaye ni, da cikin ya zube, kunyar ce zan goya a baya?

'Yata yanzu tana gudu a tsakar gida, amma duk lokacin da ta yi ko zazzaɓi ne, sai katakon nan ya dawo mini a ido. Ban ce a yar da kunya ba, ado ce, ni ma da ita nake. Sai dai 'yan'uwana mata, in aka zo maganar lafiyarki ko ta abin da kike ɗauke da shi, ki buɗe baki ki faɗa, ko a gaban wa kike. In nauyi ya hana, ki ja surukar gefe ki raɗa mata, mace ce kamar ki. Ni an tambaye ni ƙiri-ƙiri, da ladabi, har da fassara, na girgiza kai, kuma da ran 'yata na yi wannan cacar.