Ƙyallen da Na Binne a Bayan Ɗaki

Shekara uku matata tana zubar da jini. Ba irin na mata da anka sani ba, wanda ke zuwa ya wuce. Nata in ya zo sai ya yi kwana goma sha, ta jiƙa zane ta jiƙa tabarma. Tafin hannunta ya koma fari fat. In ta duƙa tsintar albasa sai jiri ya kwashe ta. Mun sha sassaƙe, mun sha ƙwayoyi, duk a banza.

Daga asibitin Bodinga anka tura mu babban asibiti a Sakkwato. Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta ce ba za a yanka ciki ba. Wani siririn abu za a zura ta ƙasa, ya ƙone fatar cikin mahaifa da zafi, jinin ya ragu ko ya tsaya, mu koma gida ran nan. Amma ɗaukar ciki bayan haka haɗari ne, tilas a kiyaye. Na dubi matata, ta ɗaga kai alamar ta yarda. Na sa hannu da ɗan bokon da na tsira da shi.

Kuskurena shi ne barin gwaggonta ta biyo mu. Tsohuwa ce daga Mandera, ita ta raine ta. Ta zo da sabon farin ƙyalle a ninke cikin kwano. A wurinsu duk abin da ya fito daga jikin mace, mabiyiya ko ɓari, ba a barin shi hannun baƙo. Gida ake kawo shi a binne.

Aikin bai kai tsawon huɗubar Juma'a ba. Da anka fito da matata, tsohuwa ta miƙa wa nas kwano.

"Ɗiyata, ina abin da anka ciro?"

Nas ta yi dariya. "Inna, ba a ciro komai ba. Ƙonawa aka yi."

"To ina tokar?"

"Babu toka."

Tsohuwa ta ɗaga rigar matata, ta shafa cikin. Sumul, ko ƙwarzane babu. Ta mayar da rigar a hankali, ta dube ni.

"Kai maigida, an taɓa aiki babu rauni babu abin gani? Sun riƙe shi dai."

Na ce mata ta rufe mana baki. Ban san matata ta farka tana ji ba.

Jinin ya tsaya, wannan ba ni musu. Bayan ɗan ruwa-ruwa na makonni, shi ke nan. Ta yi ƙiba, ta koma sallarta ba yankewa. Amma sai hankalinta ya daina zama a gidan, ko da tana ciki. Tana tsakiyar daka sai ta tsaya cak, taɓarya a sama, fuskarta ta juya arewa, wajen Sakkwato. In na yi magana ta ce, "Malam, ba ka ji ba? Yana can cikin sanyi, ba a ruhe shi ba." Da rana tsaka fa, kaji na kiwo. Daga baya ta fara ture abinci. Ƙibar da ta dawo ta soma zubewa.

Na kai ta wurin malami, ya yi mata bayani, ta ce to. Na kira nas a waya ta sake faɗa mata, ta ce to. Washegari taɓarya ta sake tsayawa.

Ranar da na koma Sakkwato karɓo magani, na ɗauki ƙyallen gwaggo a aljihu. A hanyar dawowa na sauka Dingyadi, na ƙulle shi tam, babu komai ciki, ko tsakuwa ban sa ba. Na shiga gida na ce, "Ga shi, na yi faɗa sun ba ni." Ba ta ce a kwance ƙullin ba. Ta karɓa hannu biyu, kuma na rantse hannuwanta sun yi ƙasa kamar an ɗora mata dutsen niƙa. Na haƙa rami bayan ɗakinta bayan la'asar, ta sa da kanta, na tura ƙasa.

Ran nan ta cinye tuwonta tas. Ba ta ƙara dubar arewa ba.

Yanzu shekara biyu. Kowace safiya tana share wurin, ta yayyafa ruwa. Akuya ba ta takawa, ban sani ba ko kora ce ta koya mata. Ni kaina, da na san abin da ke ciki, kewayewa nike yi.

Kwanan baya masu rabon gidan sauro sunka zo ƙirga mutanen gida. Ina zaure ina jin su. Sunka tambayi matata yara nawa. 'Ya'yanmu biyar, duk a raye. Ta ce shida.

"Ina na shidan, Hajiya?"

"Yana barci," in ji ta, da murya mai daɗi irin wadda na daɗe ban ji ba.

Na miƙe zan shiga in gyara maganar. Na ga kumatunta cike, jininta ya dawo, tana dariya. Na koma na zauna, sunka rubuta shida.