Gicciyen Kawu Ya Fi Coci Tsawo

Kawuna kafinta ne, shekara arba'in yana sana'ar bai taɓa sayen tef ɗin awo ba. Da tafin hannu yake auna katako. In ka yi magana ya ce, "Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima." Hannunsa na da kyau kam, teburin da ya yi wa mahaifiyata har yau ko girgiza ba ya yi. Girman kai ne dai, sai addu'a.

Akwai wani da ya koyi aiki a hannunsa. Ranar da Kawu ya gan shi da tef, ya kore shi a gaban mutane, ya laƙaba masa Ɗan Tef. Mutumin ya buɗe nasa shagon, ya yi aure, har da 'ya'ya uku. Coci ɗaya suke zuwa, amma shekara tara Kawu ba ya amsa gaisuwarsa.

Da aka gama ginin sabon cocinmu, dattawa suka ba Kawu aikin gicciyen da za a kafa a gaba. Ya shiga, ya ɗaga kai ya dubi silin sau ɗaya, ya ce ya gani.

Ranar Asabar da rana, ana gobe buɗewa, mu shida muka ɗauko gicciyen. Muna ɗagawa sai ƙum, kansa ya daki silin, ya ƙi miƙewa. Ya fi ɗakin tsawo da kamu guda. Matan da ke shara suka kau da kai, dariya na cin su. Kawu ya jiƙe sharkaf da gumi. Ya ba ni tausayi, don sunan nan da ya yi a sana'a shi ne duk abin da ya mallaka.

Ɗan Tef na kan tsani yana saka tagogi. Ya sauko, mu kuwa muna jiran ramuwa. Ya auna bango, ya auna gicciyen, ya ja layi da fensir, sannan ya miƙa wa Kawu zarto da hannu biyu.

"Maigida, kai za ka yanka. Hannuna bai kai naka ba."

Kawu ya dube shi. "Bayan abin da na yi maka?"

"Yesu ma bai jira mun cancanta ba, Maigida. Ga zarto."

Kawu ya durƙusa a kan siminti yana yanka, Ɗan Tef na riƙe masa katakon. Ban taɓa ganin gwiwarsa a ƙasa ba sai ranar.

Washegari fasto ya ce kafintan da ya yi gicciye ya miƙe a gan shi. Kawu ya miƙe, ya bi ta tsakanin bencina har layin baya, ya kamo hannun Ɗan Tef ya jawo shi gaba. Ya fuskanci jama'a.

"Ni na yi shi, ya ƙi tsayawa. Ɗana ne ya auna."