Fannami, Mai Rabon Kuɗin Kwale-kwale a Tashar Guri

Shekara ashirin da shida, da an sallame sallar asuba Malam Fannami ke shimfiɗa buhunsa a bakin tashar motar Guri, ya ajiye buta a gefe, ya soke biro a bayan kunne. Biron nan ado ne kawai, don da ka yake lissafi. Shi ne magatakardan ƙungiyar direbobi, kuma da damina ake sanin amfaninsa, lokacin da kogi ya cika ya yanke hanyar Haɗeja. Mota takan tsaya a bakin ruwa, fasinjoji su ɗauki hayar kwale-kwale tare, su biya 'yan dako, sannan su hau wata motar a ƙetare. Wannan kuɗi na kowa da kowa ne. Fannami ke raba shi tun kafin a tashi, ya gaya wa kowa kasonsa.

Mu kuwa, Allah Ya yafe mana, mun ci naman bawan Allahn nan. Mutum yana karɓar la'ada a kan kowace mota, amma riga biyu gare shi, ga gidan haya har tsufa! Wasu suka ce rowa ce. Masu ƙarin gishiri har sun san tukunyar da yake binne kuɗin.

Bara idanunsa suka yi rauni, ya ajiye aiki. Ƙungiya ta sayi manhajar waya wadda Maijidda, wata 'yar Haɗeja mai sana'ar kwamfuta, ta ƙirƙira. A shigar da kuɗin kwale-kwale da na dako, a shigar da yawan kujeru, nan take ta raba daidai wa daida. Kowa ya yaba, mu ma muka tafa.

Kwana tara da fara aiki da ita, wata mata mai suna Yakaka ta iso da mijinta Ari a amalanke, maciji ya sare shi a gonar shinkafa. Ba ya iya zama, dole a kwantar da shi a kan kujera uku. Haruna, sabon magatakarda, ya latsa waya: kujera huɗu har da tata, kaso huɗu.

"Malam, ka dube shi mana," in ji Yakaka. "Ƙafar fa kumbura take yi."

"Iya, ba ni ba ne, waya ce ta raba. In na rage ko sisi ba za ta ba da tikiti ba."

Kuɗin Yakaka bai kai ba. Mota ta cika da wasu, ta tashi. Kafin Yakaka ta samu mai sayen akuyarta har an yi la'asar. Ari ya rayu, amma sai da likitoci suka yanke ƙafar.

Maijidda na jin labarin ta taho Guri. Ta bi lissafin manhajar sau uku, ba ta ga kuskure ba. Sai wani tsohon direba, Kawu Auta, ya kira ta gefe.

"'Yata, wayarki ba ta yi ƙarya ba. Amma Fannami bai taɓa saka mara lafiya a rabo ba. Daga la'adarsa yake cike kason, da na mai jinya. Ya sa mu direbobi muka rantse ba za mu faɗa ba."

Maijidda ta dafe ƙirji. Mu da ke tsaye kusa muka ji, kunya ta rufe mu. Shekara ashirin da shida! Masu naƙuda nawa, saran maciji nawa?

Ta sami Fannami a zaure yana laluben carbi. Ya riga ya ji labarin Ari, kuma kwana biyu ke nan bai ci abinci ba.

"Baba, me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Na ɗauka kowa ya san wanda ke kwance ba fasinja ba ne, amana ce. Laifina ne, da na sani da na yi magana."

"To wa zai riƙa biyan kasonsa yanzu?"

"Rubuta sunana, 'yata. Ina da tumaki biyu."

Ba ta rubuta ba, kuka ya ci ƙarfinta. Ta koma ta gyara manhajar: yanzu in akwai wanda ke kwance, wayar kan tambayi sauran fasinjoji ko za su raba kasonsa a tsakaninsu.

Malam Fannami, kai ne jirgin da bai jira kuɗin fito ba. Kai ne ka ji ana kiranka marowaci, ka yi murmushi ka ci gaba da lissafinka. Mun gode, kuma ka yafe mana bakunanmu. Allah Ya ƙara wa idanunka haske, Ya saka maka da gidan da ba na haya ba.

Ku kuma da za ku bi hanyar nan da daminar bana, in Haruna ya miƙo muku waya da wannan tambaya, kada ku tsaya dogon tunani. Abin da Yakaka ta rasa a ranar nan naira dubu huɗu ne, kuma mutum goma sha huɗu ne a cikin motar.