Ranar da Ya Fanna ta ɓoye Konduga

"Mama, daga ina kike?" in ji likitan.

Ya Fanna ta ce, "Fezzan," wato unguwar da muke zaune.

Na buɗe baki zan gyara, sai ta taka mini ƙafa.

Ya Fanna yayar mahaifiyata ce. Daga Konduga ta gudo wurinmu lokacin rikici, da ɗinkin hula take ciyar da 'ya'yanta. Tun bayan sallah hannunta na hagu yake mutuwa, hula ta suɓuce mata ba ta sani ba, wani lokacin kuma abu ɗaya take gani biyu.

Likitan ya sa ta matse yatsunsa, ya haska idonta, ya ce ta taka zuwa ƙofa ta dawo. Sannan ya rubuta a ɗauki hoton ƙwaƙwalwarta.

A cikin keke na ce, "Ya Fanna, in aka ɓoye wa likita gaskiya, zai iya yin kuskure."

Ta ce, "Ke da kika gama jami'a, duk inda na ce Konduga, akwai wanda ya taɓa hannun nan? Sai su ce firgici ne, su ba ni maganin barci. Firgici kam ina da shi, ban musa ba. Amma shi firgicin, hagu kawai ya sani?"

Ban san abin da hoton zai nuna ba tukuna. Ban kuma sani ba ko da na gyara maganar, likitan zai duba ta haka.

Masu raka iyaye mata asibiti, da ku ne, za ku gyara ko za ku yi shiru?